Haɗin Wi-Fi a kwamfutar kiɗa ta mota

Haɗin Wi-Fi a kwamfutar kiɗa ta mota hanya ce ta zuba waƙoƙi daga kwamfutar gida zuwa wadda aka girka a cikin mota ba tare da jan waya ba. Abin ya yi tashe a Amurka da Turai a farkon shekarun 2000, galibi a hannun masu sha'awar harhaɗa na'ura da kansu.

Tarihi

A 1999 aka fara sayar da Empeg Car, wadda Hugo Fiennes da abokan aikinsa suka ƙera a Cambridge ta Ingila. Akan ambace ta cikin na'urorin mota na farko masu kunna MP3 daga rumbun ajiya, kuma da babbar manhajar Linux take aiki. Wahalarta ɗaya ce: kafin a sa mata waƙa sai an zare ta daga mazauninta, an shiga da ita ɗaki an jona ta da kwamfuta. Samfurinta na biyu ya zo da kafar Ethernet, wato ta jona wayar sadarwar kwamfuta, inda wasu masu ita suka riƙa maƙala ƙaramar na'urar da ke kama siginar gida ta iska. Kamfanin SONICblue ya sayi Empeg a 2000, ya sauya wa na'urar suna zuwa Rio Car, amma ba ta daɗe a kasuwa ba.

A 1999 ɗin ne kuma aka fitar da ƙa'idar Wi-Fi ta 802.11b, mai saurin megabit 11 a daƙiƙa a rubuce, ko da yake a aikace bai cika wuce rabin haka ba. Ta 802.11g, mai megabit 54, ta biyo baya a 2003. Wajajen wannan lokaci kamfanin Rockford ya fito da Omnifi, mai rumbun gigabait 20, wadda ke iya ɗebo waƙoƙi daga gida ta Wi-Fi.

Yadda yake aiki

Da an faka mota a ƙofar gida ko gareji, kwamfutar sai ta nemi siginar gidan, ta kwatanta abin da ke cikinta da na kwamfutar ɗaki, ta kwafo sababbin kawai. Masu Linux sukan ba rsync, manhajar kwafar fayiloli, wannan aiki. Waƙar minti 4 a ingancin kilobit 128 kusan megabait 4 ce, 'yan daƙiƙoƙi sun ishe ta. Zubin farko na dubban waƙoƙi ne ke cin sa'o'i.

Wuta ta fi sigina ba da ciwon kai. Idan kwamfutar ta mutu tare da zare makulli, kwafin ya katse. Idan aka bar ta a kunne dare guda, da safe batir ya yi sanyi, sai turi. Shi ya sa ake haɗa mata ɗan allon lantarki da ke barin ta a kunne na wasu mintuna bayan an kashe inji, sannan ya kashe ta a tsanake. Jikin mota kuwa ƙarfe ne, yana tare sigina, musamman in na'urar tana cikin but, don haka akan fito da eriya kusa da gilashi ko bisa rufi.

Tsaro

An gano raunin WEP, tsarin kulle siginar Wi-Fi na farko, a 2001. Sabon kulle mai suna WPA2 ya maye gurbinsa daga 2004.

Halin yanzu

Wayoyin hannu sun ƙwace aikin. CarPlay da Android Auto marasa waya, manhajojin da ke haɗa wayar hannu da mota, kan fara gaisawa da mota ta Bluetooth, sannan su koma Wi-Fi don tura sauti da hoto.