Don Allah ku sauke injin feshi daga bayan yara

Assalamu alaikum iyayena da 'yan uwana manoman shinkafa, na Suru da Bunza da Argungu da duk inda fadama take. Malamin gonarku ne, yau kam faɗa na zo yi, sai ku yi haƙuri da ni.

Tunda aka shiga noman rani da wuya in zaga fadama ban ga yaro ɗan shekara 10 ko 12 goye da injin feshi ba, ba takalmi, ba takunkumi, wani ko riga babu, magani na zuba mishi a gadon baya yana tafiya yana tangaɗi. Injin nan lita 16 yake ci, wani ma 20. Kai babba in ka wuni da shi ai ka san yadda kafaɗarka ke yi da dare, balle yaro.

Na san abin da za ku ce, Malam ɗan ƙwadago ya yi tsada, fetur ɗin injin ban ruwa ya cinye mu, taki kuwa ba a magana. Wallahi na yarda, ba wanda ke sa ɗansa wahala don daɗi, babu ce ke kawo haka. Kuma ba mu kaɗai ba ne, rahoton ƙungiyar ƙwadago ta duniya (ILO) da UNICEF na 2021 ya ce yara miliyan 160 ke aikin ƙarfi a duniya, kashi 70 cikin 100 a harkar noma suke. To amma mu zauna mu yi lissafin nan da kyau mana. Kuɗin mai feshi na wuni ɗaya ka tsira da shi, shi kenan. Yaro ya dawo gida da jiri da amai, miyau na dalala, ƙirji ya toshe, sai kuɗin mashin zuwa asibiti cikin dare, kuɗin ƙarin ruwa da allura, kai da kanka ka bar gona kana jinya, ƙarshenta akuyar uwarshi ce za a ja zuwa kasuwa. Ita gonar ma ba ta tsira ba, don yaro bai iya awon magani ba, nan ya zabga ya ƙone shuka, can ya tsallake ciyawa ta tashi, dole ka sake sayen wata kwalba. Araha ba ta ado, Baba.

Ga makaranta kuma. Feshin rani yana faɗowa ne tsakiyar zangon karatu na biyu, alhali dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara 9. Yaron da bai iya karanta abin da ke jikin kwalba ba, gobe shi ne mai shago zai sayar wa maganin da ya lalace.

Ni ban ce kar yaro ya je gona ba. Ya kai abinci, ya kori tsuntsu in an tashi makaranta, ya koyi dashe kusa da kai, haka duk muka taso. Feshi ne na ce a'a. Feshi! Haba jama'a, guba ce fa, kuma ta fata ma shiga take.

In ba halin biyan mai feshi, ku haɗu ku huɗu ko biyar ku yi gayya, manya su zagaya gonakin juna. Sauran a gurguje:

- kar a aiki yaro sayen magani ko dama shi
- kwalbar da ta ƙare a huda ta, ba a zuba ruwa ko kunu a ciki
- in magani ya zuba wa yaro, a cire kayan a wanke jiki da ruwa da sabulu nan take
- in ya sha, kar a ɗura mishi madara ko manja, kar a sa shi amai, a wuce asibiti tare da kwalbar