Dokar Birtaniya da ta hana a kulle manyan wasanni sai da kuɗi

A Birtaniya, duk wanda ke da talabijin a ɗakinsa zai kalli gasar cin kofin duniya a BBC ko ITV ba tare da ya sayi katin wata tasha ba. Doka ce ta tanadi haka, wato dokar watsa shirye-shirye ta 1996.

Dokar ta ba ministan da ke kula da al'adu da wasanni ikon fitar da jerin wasannin da ake ganin na al'umma ne baki ɗaya, hukumar Ofcom mai kula da kafafen watsa labarai kuma ita ke sa ido. Jerin kashi biyu ne. A rukunin A akwai gasar Olamfik, da kofin duniya na ƙwallon ƙafa na maza da na mata, da gasar ƙasashen Turai, da wasan ƙarshe na kofin FA, da wasannin ƙarshe na tanis a Wimbledon, da tseren dawaki na Grand National. Waɗannan ba a yarda tashar biyan kuɗi ta saye su kai tsaye ita kaɗai ba, sai an fara tallata wa tashoshin kyauta a kan farashi mai ma'ana. Rukunin B kuwa, tashar kuɗi na iya riƙe wasan kai tsaye, muddin tashar kyauta ta samu damar nuna muhimman sassansa daga baya.

A lura, dokar ba ta tilasta wa BBC sayen komai ba, ba ta kuma ce a ba ta kyauta ba. Ƙofa kawai ta hana a rufe. Gasar Firimiya, wadda ake biyan kuɗin shiga gidan kallo dominta a Kano da Zariya, ba ta cikin jerin sam. Baturen Ingila ma sai ya biya Sky ko wata tashar kuɗi kafin ya ga Arsenal kai tsaye.

Masu wasannin ba su taɓa son wannan tsari ba, don yana rage musu ciniki. FIFA da UEFA sun kai ƙara kotun Tarayyar Turai, suna cewa ba kowane wasa a gasar ne ya kai a kira shi na ƙasa ba. A 2013 kotun ta yi watsi da ƙarar.

Wanda ke son ganin amfanin dokar ya dubi wasan kurket. A 1998 aka sauke wasannin da Ingila ke yi a gida zuwa rukunin B, bisa roƙon hukumar wasan mai neman ƙarin kuɗi. A 2005 miliyoyin mutane sun bi karawar Ingila da Ostireliya kyauta a Channel 4, har waɗanda ba su san ƙa'idar wasan ba. Daga 2006 Sky ta karɓe. Kuɗi sun shigo, wannan gaskiya ne, amma yaron da mahaifinsa ba ya iya biyan kuɗin wata ya daina ganin 'yan wasan ƙasarsa kai tsaye. A ganina wannan asara ta fi ribar, domin wasan da yara ba sa gani ba za su tashi da sha'awarsa ba. Da Ingila ta kai wasan ƙarshe na kofin duniya na kurket a 2019, Sky ce ta ga dama ta raba hoton da Channel 4, ba doka ce ta sa ta ba.

An rubuta dokar tun kafin kallo ya koma waya da intanet, shi ya sa majalisa ta yi mata gyara a 2024 domin ta haɗa da masu watsa wasa ta intanet.