Waiwaye: Yadda kumburi ya shiga maganar ciwon suga da gigin tsufa

Duk wanda ƙaya ta taɓa karye masa a tafin ƙafa ya san abin da ke biyo baya. Wurin ya yi ja, ya ɗau zafi, ya tashi, ya riƙa zogi har sai mugunya ta taru ta turo ƙayar waje. Wani marubucin Rum mai suna Celsus ya lissafa waɗannan alamu huɗu tun a ƙarni na 1, aka kuma daɗe ana ɗaukarsu su ne cutar. Sai a 1882 wani masani ɗan Rasha, Ilya Mechnikov, da ke zaune a Messina ta Italiya, ya soka ƙayar fure a jikin 'ya'yan wata halittar teku da ake iya hango cikinsu. Washegari ya tarar wasu ƙwayoyi sun yi wa ƙayar dafifi. Daga nan aka fara gane cewa kumburi aikin garkuwar jiki ne, kariya ce take kai wa wurin da aka ji rauni. A 1908 ya samu lambar Nobel.

Abin da ya ɗauki likitoci kusan shekara ɗari bayan haka kafin su yarda da shi shi ne akwai wani kumburin da ba ya ja, ba ya zogi, ba ya kuma lafawa. Yana nan a ciki shekara da shekaru, yana ci a hankali.

Ta ɓangaren ciwon suga, alamar farko tsohuwa ce ƙwarai. A 1876 likita Wilhelm Ebstein na Jamus ya ga cewa salisilet, ɗan'uwan asfirin, yana rage sugan da ke fita a fitsarin majinyata in an ba su da yawa. Ba wanda ya iya faɗin dalili. Da aka gano insulin a Toronto a 1921, hankalin kowa ya koma can, maganar ta kwanta. A 1993 ta sake tashi a Boston, inda Gökhan Hotamisligil, ɗan Turkiyya, tare da Bruce Spiegelman suka nuna cewa kitsen ɓerayen da suka yi teɓa yana fitar da wani sinadarin kumburi mai suna TNF, kuma da aka toshe sinadarin sai jikin dabbobin ya fara jin insulin fiye da da. Kafin wannan, kallon rumbu ake yi wa kitse, wurin ajiyar abin da jiki bai ƙona ba. A 2003 wasu ayari biyu na masu bincike a Amurka suka ƙara gano cewa irin ƙwayoyin nan na Mechnikov, masu haɗiye datti, suna cika kitsen mai ƙiba. A jikin siriri ba su kai kashi 10 cikin 100 na ƙwayoyin kitsen ba, a jikin mai teɓa kuwa sukan kusan kashi 40. Kitse ya yi wa wurinsa yawa, wasu ƙwayoyinsa su mutu, garkuwa ta zo kwashe gawa, sinadaran da take fesawa su hana insulin buɗe wa suga hanyar shiga tsoka da hanta, sai sugan ya tsaya a jini.

Labarin ƙwaƙwalwa ya fi jan ƙafa. Tun a 1906, da likita Alois Alzheimer na Jamus, wanda aka sa wa wata cutar mantuwa sunansa, ya yi bayanin ƙwaƙwalwar wata mata da ta rasu bayan ta manta kusan komai, ya ambaci sauyin da ya gani a ƙwayoyin da ke tallafa wa jijiyoyi. A 1919 Pío del Río-Hortega na Sifen ya fayyace ƙananan ƙwayoyin da ake kira maikurogiliya, waɗanda su ne masu gadin ƙwaƙwalwa. Amma gwaje-gwajen Peter Medawar na Ingila a 1948 sun nuna fatar da aka dasa a ƙwaƙwalwar zomo ba ta saurin shan farmaki, sai ra'ayi ya kafu cewa garkuwar jiki ba ta da hurumi a can. Ɗalibai sun haddace wannan shekaru da dama. A 2013 aka samu hujjar da ta girgiza shi: masu bincike, ciki har da na Aisland, suka gano cewa wani ɗan sauyi a ƙwayar gado mai suna TREM2 yana ninka haɗarin cutar Alzheimer wajen sau uku, kuma a ƙwaƙwalwa maikurogiliya ce ke amfani da wannan ƙwayar gadon. A 2015 kuma aka gano magudanan ruwan garkuwa a tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, inda littattafai suka ce babu.

A nan hanyoyin biyu suka haɗu. Suga da hawan jini suna lalata ƙananan hanyoyin jinin ƙwaƙwalwa, kumburi na daga cikin abin da ke aikin ɓarnar. Kwamitin masana na mujallar Lancet a 2024 ya lissafa abubuwa 14 da za a iya gyarawa, waɗanda ke da hannu a kusan kashi 45 cikin 100 na masu cutar mantuwa a duniya, kuma suga, hawan jini da ƙiba duk suna ciki. Wannan ya kamata ya sa mu sake duban abin da muke kira gigin tsufa. Idan Inna ta fara tambayar ko an yi la'asar sau uku a jere, ta kira jikanta da sunan ƙaninta da ya rasu, yawanci sai a ce ai shekaru ne, a ba ta haƙuri, ba mai tunanin a gwada mata suga ko jini.

Sai dai wanda ya ji wannan tarihi ya ce to a sha maganin kumburi a huta, ya yi gaggawa, don an gwada. A Amurka an bai wa tsofaffi magungunan kumburi naproksen da selekoksib don rigakafin Alzheimer, aka dakatar da gwajin a ƙarshen 2004 saboda fargabar illa ga zuciya, kuma bai nuna kariya ba. A 2017 aka fitar da sakamakon gwajin CANTOS a kan mutum 10,061 da suka taɓa samun bugun zuciya. Allurar da ke toshe wani sinadarin kumburi ta rage sake aukuwar matsalar da kusan kashi 15 cikin 100, amma ba ta hana ciwon suga kama mutane ba, kuma waɗanda cututtuka masu yaɗuwa suka kashe sun ƙaru.

Mu a nan ba baƙi ba ne ga kumburin ƙwaƙwalwa, irin mai zuwa da gudu. Sanƙarau ɗin 1996 ya kama sama da mutum 100,000 a Najeriya, ya kashe fiye da 11,000, galibi a Arewa, kuma Katsina na cikin jihohin da na 2017 ya taɓa. Mafi yawan ɓarnar sanƙarau, kurumta da taɓuwar hankali, martanin garkuwa ne ke jawo ta. Shi ya sa aka gwada deksametazon, maganin da ke kwantar da kumburi. A Turai, sakamakon gwajin da aka fitar a 2002 ya nuna ya rage mutuwar manya daga kashi 15 zuwa kashi 7. A shekarar kuma aka fitar da sakamakon gwada shi ga yara a Blantyre ta Malawi, bai yi amfani ba. Tun a 1982 ma David Warrell ya gwada shi a Tailan ga masu zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, sai ya zama ya tsawaita suma. Magani ɗaya ne, amma sakamakon ya bambanta bisa cutar, da jikin da aka ba, da lokacin da aka kawo majinyaci asibiti.

Wannan deksa ɗin ne ake saye a kemis ba takardar likita. Yana cikin haɗin sha-ka-fashe da wasu 'yan mata ke sha don su yi jiki kafin biki, fuska ta cika ta yi sheƙi, a ce ai hutu ne ya karɓe ta, alhali maganin yana ɗaga suga da jini, yana kuma kwantar da garkuwa. Shi ne kuma ake ƙulle wa dattijo mai ciwon gwiwa a leda tare da dikilofenak, ya sha safe da yamma wata da watanni, ƙoda da ciki suna ɗaukar nauyin. Abin yana ci mini rai, don mai shan bai san da me yake biyan sauƙin da yake ji ba.

Akwai kuma wani abu da binciken Boston bai amsa mana ba. A tsaya a layin masu suga ranar asibiti a Katsina ko Daura, za a ga masu ƙiba, amma za a ga sirara da yawa, manoma da matan da ba su taɓa ajiye teɓa ba. Tun 1955 aka bayyana irin wannan suga a Jamaika. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba shi aji a 1985 ta soke a 1999, sai a 2025 Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta amince da shi a matsayin nau'i na 5, mai alaƙa da tamowa tun ƙuruciya. Jikin da ya tashi da yunwa da zazzaɓi duk damina, garkuwarsa ta sha wata tarbiyya daban da ta ɓeran ɗakin gwaji.

An taɓa yin irin aikin da muke buƙata a ƙasar nan. Daga 1992 likitocin Ibadan da na Indianapolis ta Amurka suka riƙa bin tsofaffi gida-gida da tambayoyin gwajin ƙwaƙwalwa, na Ibadan da Yarbanci. A 2001 suka bayar da rahoton cewa cutar mantuwa na kama kashi 1.35 cikin 100 na tsofaffin Ibadan a shekara, na baƙaƙen Amurka kuwa kashi 3.24, kuma suga da hawan jini sun fi yawa a ɓangaren Amurka. Katsina na da Asibitin Koyarwa na Tarayya da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua. Za a iya farawa da unguwanni kaɗan a birni da wasu ƙauyuka a ƙasar Daura, a yi wa dattawa tambayoyin da Hausa, a auna suga da jini da ma'aunin kumburi na CRP, a rubuta magungunan da ke cikin ledar kowa, sannan a dawo musu duk bayan shekara biyu.