Don Allah A Daina Sare Tohon Kututture A Lokacin Sharar Gona

'Yan uwana manoma, bazara ta kusa, kuma kowace gona na leƙa abu ɗaya nake tararwa: an bi sabara da kalgo da ƙananan gawo da adda, an tara an banka wuta. In na tambaya, sai a ce: "Malam, so kake a ce ni rago ne, gonata duk daji?" To kunyar surutun maƙwabta ita ke cinye mana ƙasa. Gona fes ba itace ko ɗaya, iskar farkon damina ta zo ta binne gero da rairayi, a sake shuka sau biyu, a ce ƙaddara.

Mutanen Maraɗi a Nijar ma haka suke gani a da. A yunwar 1984 aka riƙa ba su abinci don su bar toho a gonakinsu. Da rabon ya ƙare, mafi yawa suka sare itatuwan, domin don hatsi suka bari. Waɗanda suka daure aka yi ta yi musu dariya, har sai da aka ga matansu sun huta da doguwar tafiya neman itacen girki, awakinsu na samun 'ya'yan gawo da rani. Da manomi ya tabbata itacen nasa ne, ba na ma'aikacin gandun daji ba, sai kowa ya shiga tsaron nasa. Yau ana maganar kadada kusan miliyan 5 da itatuwa suka dawo a kudancin Nijar, galibi Maraɗi da Damagaram, kuma ba dashe aka yi ba, kututturen da ke ƙasa aka bari ya tofo.

Mu nan kuwa duk shekara sai bikin dashen itace, manya su ɗau hoto, wata biyu akuya ta gama da shi. Wanda Allah Ya shuka maka kyauta, saiwarsa ta riga ta yi nisa, shi kake sarewa! Haba Alhaji! Kai da ka san hadisin da ke cewa abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga shukar Musulmi sadaka ne gare shi. Kuma gonar nan gado ce, 'ya'yanka za su karɓe ta yadda ka bar ta.

Masu tsoron inuwa, ku dubi gawo: da damina yake kaɗe ganye, kuma kun san yadda gero ke yi a gindinsa.

Ga abin yi, ba wuya:
- A kowane kututture zaɓi toho uku zuwa biyar masu ƙarfi, cire sauran.
- Sassabe ƙananan rassa daga ƙasa zuwa rabin tsayi, da adda mai kaifi, sara ya nufi sama.
- Ɗaura tsumma a jiki don yara da masu neman itace su san da mai shi.
- Ganyen da ka sassabe bar shi a gona, kada ka ƙona.

In ka ba 'yan ƙwadago shara, tsaya a kansu, don su da ganin kore sai adda.