Fodofobiya: wai mene ne tsoron ƙafa, kuma me farcen ƙafa yake tsinana mana?

Kalmar nan fodofobiya ta fara yawa a bakin mutane, zakaga mutum ya hango ƙafar wani ya yamutsa fuska ya kau da kai yace shi fa yana da fodofobiya. Toh a tsaya tukuna. Kalmar daga Girkanci aka haɗo ta, "podos" ƙafa kenan, "phobos" kuma tsoro, wato tsoron ƙafa. Kuma yawancin masu faɗar ta ba tsoro ke damunsu ba, ƙyanƙyami ne kawai irin wanda kowa yake da shi, sun dai samu babbar kalma sun lanƙaya masa.

Mai matsalar na gaske idan yaga ƙafa ba takalmi ba safa, ta wani ko ma tashi, gabansa faɗuwa yake, zuciya ta dinga dukan uku-uku, gumi ya keto masa, wani har numfashi ya sarƙe. Akwai wanda da safa yake kwana, yankan farce kuwa sai an kai ruwa rana. Likitocin ƙwaƙwalwa suna saka abun a layi ɗaya da tsoron allura ko gizo-gizo ko hawa wuri mai tsayi, kuma littafin da ƙungiyarsu ta Amurka ta fitar a 2013, DSM-5, ya gindaya sharaɗi: sai tsoron ya wuce kima, ya kai wata 6 ko fiye, sannan yana hana mutum walwala. Maganin da aka fi yi shine a dinga sabar masa da abun kaɗan-kaɗan, yau hoto, gobe ya kalla daga nesa, har ya iya taɓawa. Idan kai dai tsaki kake ja in kaga faso da kaushi, lafiyarka ƙalau.

Shi ƙyanƙyamin ma yana da dalili. Valerie Curtis, wata masaniya da tayi aiki a makarantar kiwon lafiya ta Landan, ta daɗe tana bayanin cewa ƙyama garkuwa ce, jiki ne yake nisanta ka da inda cuta take tun kafin kayi tunani. Toh ƙafa kuwa ta cika sharuɗɗan kaf. Ita ke taka ƙasa da duk abunda ke kanta, ga ƙofofin gumi wajen 250,000 a ƙafafun biyu, sannan a cusa ta cikin rufaffen takalmi tun safe har dare, ga ɗumi ga laima ga duhu. Shi gumin kansa baya wari, ƙwayoyin bakteriya ne suke cin matacciyar fata su saki warin. Abun dariyar ma dangin ɗaya daga cikinsu, Brevibacterium, da su ake nunar da wani cuku na Turai mai suna Limburger, shiyasa warinsu yake kama. Wani masani ɗan ƙasar Holan, Bart Knols, har ya nuna cewa sauron maleriya yana bin cukun nan kamar yadda yake bin warin ƙafar mutum, aka bashi kyautar Ig Nobel, wadda ake ba masu binciken kimiyya mai ban dariya, a 2006. Kaga kenan abunda kake toshe hanci a kansa, wani halitta neman sa yake ido rufe.

Amma in ka tambayi masu ƙyamar ƙafa me yafi tada musu tsigar jiki, da yawa farce zasu ce. Mai kauri, ya yi rawaya, ya lanƙwashe, musamman na ƙaramin yatsa da wani lokacin ko siffar farce bashi da ita. Daga nan sai tambayar ta biyo, wai shi amfanin me yake? Na hannu dai mun sani, susa, ɓare abu, tsintar allura a ƙasa. Na ƙafa fa?

Farce da keratin aka yi shi, sinadarin da ke cikin gashi da kofato da akaifar dabbobi. Masu nazarin asalin halittu suna cewa faffaɗan farce alama ce ta dangin birai, kuma ya samo asali ne daga rayuwar kan bishiya. Akaifa mai tsini tana da kyau wajen soka ɓawon babban kututture, amma idan siririn reshe zaka damƙa, yatsa mai faɗi da tsoka mai laushi yafi, ita kuma tsokar tana buƙatar wani abu mai tauri a bayanta da zai tokare ta, shine farcen. An samu ƙasusuwan wata ƴar mitsitsiyar dabba, Teilhardina, a jihar Wyoming ta Amurka, ta rayu kusan shekara miliyan 55 da suka wuce kuma tana da irin wannan farcen. A lokacin ƙafa ma hannu ce, babban yatsan a ware yake gefe yana kama reshe, kamar yadda zaka gani a ƙafar goggon biri yau. Ƙwarangwal ɗin wata tsohuwar halitta da masanan ke dangantawa da asalin ɗan Adam, da ake kira Ardi, da aka tono a Habasha, mai shekara miliyan 4.4, babban yatsanta a ware yake. Amma sawayen da tawagar Mary Leakey ta gano a Laetoli ta Tanzaniya a 1978, waɗanda suka zauna cikin tokar aman wuta tun shekara miliyan 3.6, yatsan ya dawo layi ɗaya da sauran, irin na mai tafiya da ƙafa biyu. Wato a bayaninsu, damƙar ta tafi farcen ya zauna.

Ni dai ban yarda da masu cewa ya zama tarkace ba. Duk takun da kayi, da babban yatsa kake tunkuɗa jikinka gaba, tsokar ƙasansa ta matsu, farcen dake sama ya riƙe ta kar ta baje, kuma wannan matsin yana taimaka wa jijiyoyi su ji abunda aka taka. Ga kuma kariya, a ƙarƙashinsa akwai siririn ƙashi da fata mai saurin jin zafi, duk wanda ya taɓa yin tuntuɓe da ƙafar gado cikin duhu ya san wa ya tare masa rabin bugun. Ƙafa ɗaya ƙashi 26 gareta, biyun 52, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙashi 206 dake jiki, kuma na bakin yatsun sune a sahun gaba wajen cin karo.

Munin nasa kuwa yawanci ba laifinsa bane. Takalmi mai matsi ne yake danne shi har ya shige nama, ko a yanke gefensa a zurfafa maimakon a yanke shi a miƙe, rawayar da kaurin kuma sau da yawa fungas ne ya samu gindin zama. Gashi da nawa wajen fita, wajen milimita 1.6 yake yi a wata, na hannu kuwa kusan 3.5, shiyasa duk wani rauni ko tabo yake daɗewa a kansa ana gani. In na babban yatsa ya fita gaba ɗaya, sai ka jira wata 12 zuwa 18 kafin sabo ya cika, kuma a watannin nan ko bargo ya goge wurin sai ka ji.