Buga zane da kakin zuma mai zafi: amsar tambayoyin da ake ta maimaita mini

Wai yaya ake yi?
Ka ɗumama farantin alminiyam, ka goga kaki mai launi ya narke a kai, ka zana, ka shimfiɗa takarda ka danna, ka ɗaga. Bugu ɗaya yake bayarwa, na biyu dishi-dishi ne.

Kyandir zai yi?
Ba zai yi ba, tsagewa yake. Je wurin masu zuma a babbar kasuwar Katsina ka sayi kaki, ka narka, ka tace.

Ba ni da wutar lantarki, in ɗora a kurfoti?
To, nan ne maganar take. Zai yiwu, amma ban cika son ba sabon shiga wannan shawarar ba. Kakin zuma yana narkewa a wajen digiri 62 na ma'aunin Celsius, aikin kuma tsakanin 70 da 90 yake so. Gawayi bai san wannan iyakar ba. Idan dole ne, bari garwashin ya kwanta tukuna, ka sa tire cike da yashi tsakaninsa da farantin don zafin ya bazu. Ko haka ma, tsakiya na iya fin gefe zafi, wani bugun ya yi kyau, wani ya jiƙe sharkaf. Da ka ga hayaƙi, sauke shi nan take! Hayaƙin ƙonannen kaki yana cutar da ƙirji, kuma kakin yana kamawa da wuta. In ya kama, rufe shi da murfi, kada ka kuskura ka watsa ruwa. A tsakar gida za ka yi, ba a ɗaki ba, yara kuma su yi nesa. Don Allah ku riƙa jin magana.

In zuba ƙaro?
Wanda ake haɗawa da kaki wani ƙaron bishiya ne da ake kira "damar". Namu na tawada a ruwa yake narkewa, ba ya shiga kaki. A takarda, kaki zalla ya wadatar.

Rubutuna ya fito a juye.
Haka bugu yake. Rubuta a juye.

Launi fa?
Jar ƙasa, shuni, garin gawayi, a niƙa su lukui. Ban da fentin ruwa.

Zafin bazara ba zai narkar da shi ba?
Kwantar da hankalinka, 'yar'uwa. Wasu hotunan fuskokin mamata da aka samo a Fayum ta Masar da kaki aka yi su tun ƙarni na 1 zuwa na 3 miladiyya, launinsu na nan. Zafin Afrilu yakan haura 40, bai kai 62 ba. Kada dai ki bar shi a mota cikin rana, da hunturu kuma ki sa takarda ki rufe saboda ƙura.