Waiwaye: Yadda ƙididdiga ta shiga binciken ɗalibi guda

Malamin yara masu buƙata ta musamman ba shi da ɗalibai ɗari da zai raba gida biyu ya gwada. Sau da yawa yaro ɗaya ne a gabansa. Sai a riƙa auna yaron a kai a kai, misali kalmomi nawa yake karantawa a minti guda, kafin a kawo sabuwar dabara da bayan an kawo ta. Salon ya samo asali daga gwaje-gwajen masanin halayya B. F. Skinner, ya kuma zauna da gindinsa a Amurka daga 1968, lokacin da Baer da Wolf da Risley na Jami'ar Kansas suka shimfiɗa ƙa'idojinsa.

Mutanen farko ba ruwansu da ƙididdiga. A zana sakamako, a duba da ido. Canjin da ido bai gani ba bai kai a yi maganarsa ba. Amma a 1979 DeProspero da Cohen suka ba masana zane iri ɗaya, sai ga shi bakinsu bai cika zuwa ɗaya ba.

Lissafin da aka saba ma bai dace ba, domin makin yaro na yau yana ɗaure da na jiya. Hanyar Box da Jenkins, ta nazarin awon da aka jera bisa lokaci, tana magance wannan, sai dai tana son awo kamar hamsin, malami kuwa da ƙyar yake tara goma sha.

A 1987 Scruggs da Mastropieri da Casto suka kawo hanyar da ake kira PND: a nemo maki mafi girma kafin a kawo dabara, a ƙirga kashi nawa cikin ɗari na makin bayan kawo ta suka zarce shi. Sauƙinta ya sa ta bazu, kuma a ganina ta daɗe fiye da yadda ta cancanta. Rana ɗaya tak da yaro ya yi sa'a tun farko ta isa ta mayar da dabara mai kyau sifili. Parker da Vannest sun rage wannan rauni a 2009 da hanyar NAP, mai kwatanta kowane maki na kafin dabara da kowane na bayanta. Wata hanya makamanciyarta, Tau-U, ta biyo a 2011.

Babban matsi daga hukuma ya zo. What Works Clearinghouse, cibiyar tantance binciken ilimi ta Ma'aikatar Ilimin Amurka, ta fitar da ƙa'idojin irin wannan bincike a 2010, ana kuma neman adadin da ke nuna girman tasirin dabara, wanda za a jera da na manyan gwaje-gwaje. Hedges da Pustejovsky da Shadish suka samar da shi a 2012. Sharaɗinsa shi ne binciken ya ƙunshi aƙalla yara uku.